Daga Marwa Zuwa Bukhara: Abin da Gurguzu Ya Yi wa Masallaci, da Abin da Aka Yi da Sunansa a Ƙasarmu

 

Kwanakin baya muna cikin karatun Sahihul Bukhari bayan sallar asuba, sai wani ɗalibi ya ce: "Allah ya gafarta Malam, wai ita Bukhara ɗin nan a ƙasar Larabawa take? Har yanzu ana karatu a can?" Muka ce masa a'a, a Uzbekistan take, kuma daga 1920 zuwa 1991 tana hannun hukumar da ta ɗauki ƙin yarda da Allah a matsayin aƙidar gwamnati. Wani dattijo daga cikin iyayenmu, wanda ba ya fashin zama a gefen ginshiƙi, sai ya ɗaga kai ya ce: "'Yan kwaminis ke nan! Ai mu ma sun so su shigo mana, Allah ne ya tsare." Muka ce, "Haka ne, Baba." Sai dai maganar Baba rabin labarin ce, kuma lokacin karatu bai ishe mu kawo ɗaya rabin ba. Shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

Larabawa suna kiran abin shuyu'iyya. Masu karatun fiƙihu za su tuna da musha'i, dukiyar tarayya da ba a raba ba, wadda kowane mai rabo yake da haƙƙi a kowane yanki nata. Asalin kalmar ɗaya ne. Hausawa suka ce gurguzu. Wani Bajamushe ne, Karl Marx, wanda ya mutu a 1883, ya tsara ra'ayin: cewa tarihin duniya kokawa ce tsakanin masu dukiya da masu yi musu aiki, cewa gonaki da masana'antu su fita daga hannun ɗaiɗaikun mutane su koma na kowa, kuma addini a wurinsa abin sa maye ne da ke sa talaka ya manta da zafin da yake sha.

Ta kudu ra'ayin ya shigo Kamaru. A 1944 wani malamin lakwal Bafaranshe, Gaston Donnat, ɗan jam'iyyar kwaminis ta Faransa, ya buɗe zaman karatu na dare a Yawunde, inda ƙananan ma'aikata ke taruwa suna koyon yadda ake kafa ƙungiyar ƙwadago. Ya kamata ɗalibanmu su san halin da ake ciki a lokacin. Akwai aikin tilas, a kwashe maza a kai su sarar hanya ko shimfiɗa dogo ba da son ransu ba. Akwai dokar da ta ba kumanda ikon kulle baƙar fata har kwana 15 ba tare da alƙali ba. Sai a 1946 aka soke waɗannan biyun. Cikin masu zuwa zaman Donnat akwai wani akawun kotu, Ruben Um Nyobe. Ranar 10 ga Afrilu 1948 aka kafa jam'iyyar UPC a Duwala, kafin shekarar ta ƙare ya zama babban sakatarenta. Manyan buƙatunsu su ne a haɗe Kamarun Faransa da ta Ingila, a kuma sa ranar 'yancin kai. Sau uku yana zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya da wannan ƙorafi, a 1952 da 1953 da 1954.

Arewa kuwa likita ne ya kawo mata maganar. Félix Moumié, ɗan ƙasar Bamun, ya yi karatun likita a Dakar. Da Faransawa suka ga kansa na rawa sai suka riƙa jefa shi wurare masu nisa: Betare Oya, Mora, sannan Marwa. Yana wannan zaman na nesa ne aka zaɓe shi shugaban UPC a 1952. Da rana yana duba marasa lafiya, da dare yana tara mutane. Yawancin masu saurarensa ma'aikata ne 'yan kudu da aiki ya kawo su arewa. 'Yan ƙasa ba su shiga da yawa ba, domin lamidai sun tsaya tare da hukuma, kuma a wancan zamani wanda lamido ya juya wa baya ba shi da wurin zama a gari. Kalma ɗaya ta wadatar a rufe bakin mutum: kwaminis. Manyan limaman cocin Katolika ma sun fitar da wasiƙa a Afrilun 1955 suna gargaɗin mabiyansu da wannan kalmar. A watan Mayu aka yi tarzoma a Duwala da wasu garuruwan kudu, jini ya zuba, ranar 13 ga Yuli 1955 aka haramta jam'iyyar.

To, tsoron da iyayenmu suka ji, na banza ne? Wallahi ba na banza ba ne. Sai mu je Rasha mu gani.

Da Lenin da mutanensa suka ƙwace mulki a ƙarshen 1917, Musulmin daular suna da miliyoyi: Tatar a bakin kogin Bolga, mutanen duwatsun Kaukasus, da na ƙasashen bayan kogi da muke karantawa a littattafai da sunan Ma Wara'an Nahar, ƙasar Bukhari da Tirmizi. 'Yan makonni da hawansu, Lenin da Stalin suka sa hannu a wata takarda zuwa ga Musulmi, suna alkawarin cewa daga yau masallatansu da al'adunsu ba mai taɓawa. Har suka mayar musu da tsohon Alƙur'anin nan da ake jinginawa ga Sayyidina Usman, wanda sojojin sarkin Rasha suka ɗauke daga Samarƙand a 1869. A 1920, a taron Baku, wani jigonsu mai suna Zinoviev ya tsaya gaban wakilan ƙasashen gabas yana kiran a yi jihadi a kan Ingila. Mutumin da bai yarda da Allah ba fa! Wasu Musulmi masu ilimi sun gaskata su, irin su Mirsaid Sultan-Galiev, Batatare, wanda ya yi zaton za a iya haɗa gurguzu da 'yancin al'ummar Musulmi. An kama shi a 1923, aka harbe shi a 1940.

Da ƙafarsu ta kafu sai aka ga ainihin fuskar. Kafin 1930 an ƙwace waƙafi, an rufe kotunan shari'a da makarantun addini. Daga nan aka shiga rufe masallatai, wasu aka mai da su rumbun hatsi, wasu gidan sinima, wasu ɗakin baje kolin kafirci. Kafin juyin akwai masallatai kusan 26,000 a daular. A farkon shekarun 1940 waɗanda ke buɗe ba su kai 1,500 ba. Malamai da dama an harbe su a 1937 da 1938, wasu suka ƙare a sansanonin aikin tilas na Saberiya. Kiristocin Rasha ma ba su tsira ba: babbar cocinsu ta Mosko da nakiya aka tashe ta a Disambar 1931.

Amma mu da muke koyar da Larabci, abin da ya fi tsaya mana a rai wani ne daban. Mutanen nan, da Uzbek da Tatar da Kazak da Tajik, da haruffan Larabci suke rubuta harsunansu, kamar dai yadda kakanninmu suka rubuta Hausa da Fillanci da ajami. A ƙarshen shekarun 1920 hukuma ta ce a koma haruffan Latin, wato irin bokon nan namu. Shekara goma da 'yan kai bayan haka, wajen 1940, ta sake cewa a koma haruffan Rashanci. Ku duba abin da hakan ke nufi a cikin gida guda. Kaka ya iya ajami, uba ya iya boko, jika ya iya na Rasha. Littafin kakan yana nan a ɗaki, ba a ƙona shi ba, amma jikan in ya buɗe shi kamar ya kalli sawun kaza ne. Ya je maƙabarta ba zai iya karanta sunan kakansa a jikin dutse ba. Rushe masallaci aikin yini ɗaya ne, kuma in hali ya samu a shekara ɗaya an sake gina shi. Yanke mutum daga harafin iyayensa kuwa, Uzbekistan ta yi shekara 30 da 'yanci ba ta gyara wannan ba. Da ta tashi canza haruffa ma, boko ta nufa, ba ajami ba.

Mu mutanen Adamawa akwai wani babin da ya kamata ya girgiza mu. Kazak makiyaya ne, Musulmi, masu yawo da dabbobinsu tsakanin mashaya da makiyaya kamar 'yan'uwanmu Mbororo. Stalin ya ce yawon kiwo ci-baya ne, dole kowa ya zauna wuri ɗaya ya miƙa dabbobinsa ga gonar gwamnati. Aka tara garke a wuraren da babu ciyawa babu ruwa, wasu aka yanka aka aika da naman birane. Tsakanin 1930 da 1933 kusan kashi 9 cikin 10 na dabbobin ƙasar suka ƙare, mutum kusan miliyan ɗaya da rabi suka mutu da yunwa. Cikin kowane Kazak uku, fiye da ɗaya ya tafi. Wanda ya san abin da saniya take a wurin Bafillace ba ya buƙatar ƙarin bayani.

Ana cikin haka Hitila ya auka wa Rasha a 1941, Stalin ya ga yana buƙatar 'ya'yan Musulmi a fagen daga. A 1943 ya yarda a kafa ofishin mufti a Tashkent, ƙarƙashin Shehu Eshon Babakhan, daga bisani ofisoshin suka zama huɗu a faɗin ƙasar. Aka sake buɗe madarasar Mir Arab ta Bukhara bayan yaƙi, da ɗalibai 'yan ƙalilan, don ƙasa mai Musulmi miliyoyi. Hajji kuwa a shekara mutum ashirin ne ko talatin, su ma sai an tace su. Liman sai mai rajista, huɗuba sai wadda ba ta taɓa hukuma ba, koyar da yara addini laifi ne. Muftin ne ake turawa ƙasashen Larabawa da na Afirka ya shaida cewa Musulunci na zaune lafiya a Tarayyar Sobiyet. Kuma duk wannan sassaucin bai hana a Fabrairun 1944 a kwashe Cecen da Ingush kakaf, a watan Mayu a kwashe Tatar na Kirimiya, a zuba su a taragun dabbobi zuwa tsakiyar Asiya ba. Ba za mu zagi waɗancan muftai ba. Sun riƙe ƙofa ɗaya a buɗe a lokacin da aka rufe dubu, kuma mu ba a jarraba mu da irin abin da aka jarrabe su ba. Sai dai ilimin ba a ofishinsu ya rayu ba.

A ɗakuna ya rayu. Suna ce wa abin hujra, kalmar da kuka sani daga sunan Suratul Hujurat. Malami zai karɓi ɗalibi biyu ko uku, a ce wa maƙwabta 'ya'yan dangi ne, a yi karatu bayan isha ko kafin asuba, labule a sauke. Nahawu, fiƙihun Hanafiyya, tafsiri, littafi bayan littafi, daidai yadda ake yi a zaurukanmu. Mafi shahara cikinsu shi ne Muhammadjan Hindustani, wanda aka haifa a 1892 a yankin Koƙand, ya yi karatu a Bukhara da Indiya, aka ɗaure shi ba sau ɗaya ba, ya dawo ya zauna a Dushanbe yana karantarwa a ɓoye har ya tsufa. A ɓangaren mata akwai malamai da ake kira otin, su ne suka riƙe Fatiha da wankan gawa da hukuncin tsarki a cikin gidaje. Cecen kuma a zaman gudun hijirarsu halƙar zikiri ce ta riƙe su, ta Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya. Wasu iyalai sun gina littattafansu a cikin bango suka shafe da laka, sai bayan shekaru hamsin jikoki suka fasa. Duk wanda ya karanta Sira zai tuna gidan Arƙam.

Labarin mutanen Cek daban ne, kuma ta wata fuskar ya fi kusa da mu, don su ba da bindiga aka fara shigar musu ba. A 1938 Ingila da Faransa suka miƙa wa Hitila yankin ƙasarsu a taron Munik. A Mayun 1945 sojojin Rasha ne suka shigo Firag, babban birninsu. Saboda haka a zaɓen 1946 jam'iyyar kwaminis ta zo ta ɗaya da kashi 38 cikin 100, da ƙuri'ar mutane ta halal. A Fabrairun 1948 shugabanta Klement Gottwald ya haɗiye sauran jam'iyyun, zaɓe na gaskiya bai sake dawowa ba sai bayan shekara 42. Aka rataye 'yar majalisa Milada Horakova a 1950. A 1952 jam'iyyar ta juya kan 'ya'yanta, ta rataye babban sakatarenta Rudolf Slansky da wasu mutum 10. (Af, takalmin Bata da muka sa muna yara, asalinsa daga garin Zlin ne na ƙasar Cek. An ƙwace masana'antar a 1945, garin ma aka canza masa suna zuwa na Gottwald. Shagunan da muka sani a Afirka na iyalin ne da suka koma Kanada.)

Yadda suka yi da coci shi ne abin lura. A Afrilun 1950, cikin dare, 'yan sanda suka shiga gidajen ruhubanawa suka kwashe mutum fiye da 2,000. Wannan shi ne na ƙarfi. Na dabara ya riga shi: dokar Oktoban 1949 ta ce daga yanzu gwamnati ce za ta riƙa biyan kowane limamin coci albashi. Da jin haka sai ka ce alheri ne. Amma dokar ta zo da sharaɗi, ba mai hawa mumbari sai da takardar amincewar hukuma, kuma wanda ya bayar da takarda yana iya karɓe abarsa. Limamin da matasa suka fara taruwa a wurinsa sai a tura shi ƙauyen da ba kowa, ko a janye takardar ya koma leburanci. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Duk lokacin da aka tayar da zancen gwamnati ta ɗauki nauyin limamai, mu ba mu ce haramun ba ne, Baitulmali ya biya alƙalai da ladanai tun zamanin magabata. Muna dai cewa a karanta sharaɗin kafin a karɓi ambulan.

A 1968 shugaban jam'iyyar, Alexander Dubcek, ya gwada sassautawa, ya bar jaridu su yi magana. Daren 20 ga Agusta tankokin Rasha da na ƙawayenta suka shigo. Bayan haka aka kori mutum kusan rabin miliyan daga jam'iyya, aka ga shehunan jami'a suna wankin tagogi da hura wutar tukunyar ɗumama gidaje. Kisa ya ragu, abin da ake nema a wurin mutum shi ne ya nuna ya yarda ko da bai yarda ba. Marubucinsu Vaclav Havel ya ba da misali da mai sayar da kayan miya da ke liƙa taken jam'iyya a tagar shagonsa: bai karanta ba, bai damu da abin da ke ciki ba, so yake a bar shi ya ci abinci. Ɗalibai, ga mas'ala. Shari'a ta yi rangwame ga wanda aka tilasta, kamar yadda ya faru ga Ammar ɗan Yasir, matuƙar zuciya na nan a kan imani. To amma tilas ɗin da aka yi wa Ammar na rana ɗaya ne, ya dawo yana kuka. Idan tilas ta kai shekara 40, uba bai taɓa gaya wa ɗansa abin da ke zuciyarsa ba don tsoron kada yaron ya faɗa a makaranta, me ɗan zai gada? Taken tagar kawai. A ƙidayar 2021 kusan rabin mutanen Cek sun ce ba su da addini. Adalci ne mu ce sanyin da ke tsakaninsu da coci ya girmi gurguzu, ya faro tun ƙona malaminsu Jan Hus a 1415. Amma abin mamaki ne a ce Cecen da aka zuba a taragu sun fito da addininsu, waɗanda aka biya wa limamai albashi kuwa sun fito hannu rabbana.

Ita wannan ƙaramar ƙasa, Cekoslobakiya, ta fi shiga harkar Afirka fiye da yadda ake zato, domin ƙwararru ne a ƙera makamai. Su suka sayar wa Isra'ila bindigogi a 1948, da sunansu kuma aka yi cinikin makaman Jamal Abdul Nasir a 1955. A 1959 suka aika wa Gini ta Seku Ture da makamai. A 1967 jiragen yaƙinsu samfurin L-29, da MiG na Rasha, suka shiga hannun gwamnatin Najeriya a yaƙin Biyafara. A Firag an buɗe jami'a musamman don ɗaliban Afirka da Asiya a 1961, shekara guda bayan irinta ta Mosko da aka sa wa sunan Patrice Lumumba. Gidan rediyon Mosko ma yana da sashen Hausa, manyanmu sun saurare shi.

Nan labarin ya dawo gida. Bayan haramta UPC, Moumié ya bi ta Kamarun Ingila zuwa Alƙahira, sannan Konakiri da Akara. Da ƙofofin Yamma suka rufe masa, sai ya ƙwanƙwasa na Gabas, har Sin ya je. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sojojin Faransa suka kashe Um Nyobe a dajin ƙasar Basa ranar 13 ga Satumba 1958. Shi kuma Moumié, wani ɗan leƙen asirin Faransa, William Bechtel, da ya zo masa a rigar ɗan jarida, ya sa masa guba a wani gidan cin abinci a Janiba. Ya rasu ranar 3 ga Nuwamba 1960. Yaƙin ya ci ƙauyuka a ƙasar Basa da ta Bamileke, mutane dubbai suka halaka, mu a arewa muna jin abin daga nesa da sunan 'yan tawaye. Sai a 2025 shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa yaƙi ne ƙasarsa ta yi a nan.

Shin su kwaminis ne? Wasunsu, musamman na baya-baya da suka yi karatu a waje, e, sun rungumi aƙidar. Amma manomin da ya shiga daji don an ƙone masa gida bai taɓa jin sunan Marx ba. Haka aka yi a maƙwabta. A Kano, NEPU da aka kafa a 1950 an jefe ta da wannan kalmar, alhali Malam Aminu Kano ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri, kuma hujjojinsa a kan zaluncin masu sarauta daga littattafan Shehu Usmanu yake ɗebo su. A Nijar, Sawaba ta Jibo Bakari ta tafi nesa fiye da haka. Bayan an haramta ta a 1959 ta tura samari karatu ƙasashen Gabas, wasu kuma horon soja a Sin da Aljeriya, suka kutso da makamai a 1964 aka murƙushe su. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, ɗaya daga cikinsu ya jefa gurneti yana nufin shugaba Jori Hamani. Shugaban ya tsira, ƙaramin yaro ne ya mutu. Duk zaluncin da aka yi wa Sawaba, kuma an yi mata, ba shi halatta wannan.

Abin da ba mu cika son faɗa ba shi ne na gidanmu. Alhaji Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, Allah ya jiƙansa, ya tsare ƙasar nan daga gurguzu, ya haɗa kanta, a zamaninsa jirgin ƙasa ya iso Ngawundere a 1974. Amma kayan aikin da ya tsare ta da su, in ka ɗora su kusa da na Firag, sai ka ga kama. Dokar 12 ga Maris 1962 ta sa maganar da ba ta yi wa hukuma daɗi ba ta zama laifin zagon ƙasa. Ranar 1 ga Satumba 1966 aka narkar da jam'iyyu suka zama ɗaya tal. Sansanin tsare 'yan siyasa na Cholire ba a Saberiya yake ba, nan ne ƙasar Rai Buba, kuma mutane sun yi shekaru a ciki ba su ga alƙali ba. Ernest Ouandié, shugaban UPC na ƙarshe a daji, a bainar jama'a aka harbe shi a Bafusam ranar 15 ga Janairu 1971. Laifi tudu ne. Bambancin da ba za mu manta ba, kuma babba ne, shi ne ba a rufe mana masallaci ba, ba a hana mu koya wa 'ya'yanmu Alƙur'ani ba, ba a taɓa garkenmu ba. A wannan Baba ya yi gaskiya. Siyasa kuma ba ta da aboki na dindindin: shi Ahijon ne ya ƙulla hulɗa da Mosko a 1964, da Sin a 1971, kuma 'yan gurguzun Sin ne suka gina mana madatsar Lagdo da ke ba mu wuta.

Waɗanda suka kai shekarunmu suna tuna Nuwambar 1989, muna samari, kunne a jikin rediyo. Ranar 17 ga wata ɗalibai suka fito a Firag, 'yan sanda suka dake su, gari ya tashi. Ranar 29 majalisar ƙasar ta goge ayar da ta ba jam'iyyar kwaminis mulki ita kaɗai. Kashegari, 30 ga wata, aka ce Ahijo ya rasu a Dakar, inda kabarinsa yake har yau. Iskar ta iso mu: a Disambar 1990 aka dawo da jam'iyyu da yawa a Kamaru, a Disambar 1991 doka ɗaya ta wanke sunayen Ahijo da Um Nyobe da Moumié da Ouandié tare, kwanaki kaɗan kafin a sauke jar tuta a Mosko. Shehu Hindustani shi ma a 1989 ya rasu yana da shekara 97, bai ga ƙarshen abin ba. Da aka buɗe masallatai a Tajikistan da kwarin Fargana, da yawa daga masu ilimin da suka fito suka hau mumbari almajiran irin ɗakinsa ne, ko da yake wasunsu sun saɓa masa tun yana raye, rigimar da ta biyo baya kuma wani labarin ne mai tsawo.

Amsar ɗalibinmu ke nan: e, ana karatu a Bukhara, madarasar Mir Arab tana nan a buɗe, Alƙur'anin Sayyidina Usman yana Tashkent, kabarin Imamul Bukhari kuma yana wani ƙauye kusa da Samarƙand ana ziyartarsa.

Bayan wancan karatun mun yi wani ɗan gwaji. Muka ɗauko wata tsohuwar wasiƙa ta ajami daga cikin takardun mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, layi tara ce kacal a kan bashin goro, muka miƙa wa ɗaliban aji na sama. Dukkansu suna karanta Alƙur'ani da tajwidi, da yawansu suna rubuta Faransanci ba kuskure. Mutum biyu ne suka iya kai ƙarshenta, su ma da taimako. Mu dai babu Stalin da ya sa mana doka. Saboda haka mun yi shawara da kwamitin masallaci, za a riƙa zaman karatun ajami, na Hausa da na Fillanci, kowace Alhamis bayan la'asar, mata kuma ranar Asabar da hantsi a ɓangarensu. Duk wanda ke da tsofaffin takardu a gida, cikin gafaka ko adaka ko buhu, wasiƙa ce, waƙa ce, fatawa ce ko lissafin gado, ya taimaka ya kawo kafin gara ta gama da su. Za a ɗauki hotonsu a gaban mai su, a mayar masa da kayansa a ranar.